Ranar da Na Ci Abinci a Gaban Surukina

A gidanmu da ke wani ƙauye kusa da Roni, cin abinci a gaban mutane kusan laifi ne. Mu Fulani ne da muka zauna, muna noman gero da gyaɗa, muna kiwon 'yan shanun da suka rage, amma kunyar kakanni ba ta ragu ba ko kaɗan. Mahaifina yana iya wuni a kasuwar Kazaure da yunwa, ƙamshin tsire na dukan hancinsa, ba zai sa ko ƙwayar gyaɗa a baki ba sai ya dawo gida ya shige ɗaki. Akwai wani kawuna da har yau ake tsokana: ya jefa dankali mai zafi a baki ke nan sai ga surukinsa ya yi sallama. Ya tsugunna da dankalin a kumatu, yana amsa gaisuwa da kai da gunaguni, har aka gama tambayar gida da gona da shanu. Ya yi kwanaki ko kunu ba ya iya sha. Mu a wurinmu wannan ba wauta ba ce, tarbiyya ce.

To ni da na fito daga irin wannan gida, sai Allah ya haɗa ni da 'yar mai dafa abinci.

Ba kuma kowane mai dafa abinci ba. Surukina asalin iyayensa mutanen gabas ne, kuma tun yana saurayi ya shiga aikin kuku a manyan otal-otal na Kano. Daga baya ya tsallaka Nijar, ya yi shekaru a kicin ɗin Turawa, sannan ya dawo Kazaure ya buɗe nasa wurin a gindin duwatsu, inda mai zaune ke hango ruwa. Tebura kaɗan ne a ciki, kowanne da farin ƙyalle da aka goge, da wuƙa da cokali mai yatsu a jere. Ba a shiga haka kawai, sai an yi waya an kama wuri. Abincin ma ba a jibge maka shi lokaci ɗaya: a kawo ɗan romo a ƙaramin kwano, a ɗauke, a kawo kifi, a ɗauke, sannan a kawo abin da ya sa mutane suke baro Kano da Daura, da 'yan kasuwar Nijar masu shigowa ta Babura. Kafaɗar rago ce da ake rufewa a tukunyar ƙasa, a liƙe bakinta da kwaɓin fulawa, a bar ta a kan garwashi har naman ya saki ƙashi don kansa. Ana zuba ta a kan burabisko da wani romo na tsamiya da man shanu. Mutane da yawa sun buɗe wurare sun kwaikwaya, ba wanda ya kama ƙafarsa.

Akwai wata ɗabi'a tasa da duk ma'aikatansa suka sani. A ƙofar kicin ya sa an yanka 'yar taga mai gilashi, ba ta fi tafin hannu biyu ba. Duk lokacin da aka fitar da tukunyar nan, sai ya bar abin da yake yi ya tsaya a bayan tagar yana kallon fuskar mai ci a lomar farko. Ba ya fita ya tambayi kowa ko abinci ya yi daɗi. Ya ce baki yana da ladabi, zai iya yabon abin da bai so ba, amma fuska a lomar farko ba ta san ladabi ba.

Ni kuwa, tun da na auri 'yarsa, ƙafata ba ta taɓa wuce ƙofar wurin ba. Idan gaisuwa ce, gidansa nake zuwa, in tuɓe takalmi tun daga zaure, in tsugunna nesa, idona a ƙasa. Idan aka kawo ruwa in ce alhamdu lillahi. Idan aka kawo abinci in ce yanzun nan na tashi daga kan nawa, ko da kuwa cikina kuka yake yi. Shi ma bai taɓa matsa mini ba, ya san gidan da na fito. Abokan aikina a makarantar da nake koyarwa suna yi mini dariya, wai mutum yana da rijiya a ƙofar gida yana yawo da ƙishirwa. Ba su san kowace Juma'a ana aiko mana da kula cike da naman nan ba. In rufe ƙofa, in naɗe hannun riga, in ci har in siɗe yatsu. Matata takan zauna tana kallona tana dariya, ta ce fuskata kamar allon makaranta take, duk abin da ke cikina a rubuce yake a kai.

Ita ce babbar 'yarsa, kuma a kicin ɗin nan ta tashi. Tun kafin ta kai tsawon tebur take daka masoro da kanumfari. Bayan aurenmu ma ba ta daina zuwa ba, da safe takan hau adaidaita ta je ta duba cefane da wanke-wanke, ta dawo kafin la'asar. Amma tukunyar ragon, wannan ba mai taɓa ta sai shi.

Wata shekara da damina zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da shi. Ya warke, ya koma aiki, jikinsa ya dawo, amma harshensa da hancinsa ba su dawo ba. Bai faɗa wa kowa ba. Matata ce ta gane, ranar da ta ga ya ɗanɗana romo, ya ƙara gishiri, ya sake ɗanɗanawa, ya sake ƙarawa, ya tsaya riƙe da ludayi yana kallon bango. Daga ranar ita da ma'aikatan suka haɗa baki. Idan ya haɗa tukunya ya tafi masallaci, sai ta ɗora wata a bayan gida ta haɗa irinta, a fitar wa baƙi da tata. Tasa kuma a san yadda aka yi da ita. Shi yana nan a bayan tagarsa yana ganin fuskoki suna washewa, yana gyaɗa kai. Duk wannan ban sani ba a lokacin. Ni dai kula tana zuwa ranar Juma'a, kuma ban ji wani bambanci ba.

Sai wata safiya matata ta tare ni ina shirin fita, idonta ya yi ja. Ta ba ni labarin nan duka a tsaye, sannan ta ce, “Baba ya fara zargi. Ya ce ranar Litinin da ba a buɗewa kowa ya zauna a gida, shi kaɗai zai shiga kicin. Kuma ya ce kai zai ba ka ci.”

Na ce, “Ni? A ina?”

“A gabansa.”

Na ajiye jakata. Wallahi da cewa ta yi zai aike ni in kamo kura da sai na fi samun sauƙi. Na tambaye ta me ya sa sai ni, duk faɗin Kazaure. Ta ce ma'aikata abincinsu a hannunsa yake, 'ya'yansa kuma suna tausayinsa, manyan baƙi kuwa ko ƙasa aka zuba musu za su ce madalla. Ni kaɗai ne na yi shekara da shekaru ina cin girkinsa, na san yadda ya kamata ya kasance, kuma ban iya ɓoye fuska ba. Wannan na ƙarshen ita ce ta taɓa faɗa masa cikin raha, ga shi yanzu ya dawo mana.

Ta ce, “Malam, don Allah ka daure. Ka ci, ka saki fuska. Idan ya tabbatar, zai ajiye ludayi. Idan kuwa ya ajiye, ban san abin da zai riƙa tashinsa da safe ba.”

Na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Na ce mata ku kuka ƙulla abinku ba da ni ba, yanzu kuma ni za a tura in kwance, a kuma ta hanyar da ko a mafarki ban taɓa bi ba. Na nemi hanyar zillewa. Na aika a ce masa an tura ni wani aiki Gwiwa ranar Litinin. Kafin azahar saƙo ya dawo ta bakin matata: ya ce a gaya mini ba gayyata yake yi ba, roƙo yake yi. Dattijon da ya ba ni 'ya, wai shi ne yake roƙona. Wannan ya fi cin abincin nauyi, don haka na ce zan je.

Ranar Litinin bayan sallar azahar na hau acaɓa. Duk hanya ji nake kamar kowa a bakin titi ya san inda za ni da abin da zan je yi. Na sa mai babur ya sauke ni can nesa, na ƙarasa a ƙafa. Wurin shiru, kujeru a kife a kan tebura, sai tebur ɗaya a tsakiya da aka shimfiɗa wa farin ƙyalle. Na tuɓe takalmi a bakin ƙofa, na shiga na tsugunna a kan tayil. Ya fito daga kicin da farar rigarsa ta aiki da doguwar hularsa ta kuku, hannunsa da tawul.

“Sannu da zuwa, Malam. Tashi ka hau kujera.”

“Nan ma ya yi, Baba.”

“A nan ba a ci a ƙasa. Tashi.”

Na tashi na ɗosana a bakin kujera kamar wanda aka kawo gaban alƙali. Na zaci zai koma bayan tagarsa, ko ba komai a ce akwai ƙofa tsakaninmu. Ina! Ya shiga ya ɗauko tukunyar da kansa, ya ajiye, ya fasa fulawar da ke bakinta da wuƙa, ya zuba mini a faranti a kan burabisko. Sannan ya jawo kujera ya zauna daidai gabana, ya cire hular ya ɗora a gwiwa.

Ya ce, “Na san abin da nake nema a wurinka ba ƙarami ba ne. Na san gidanku. Ka yafe mini. Bismillah.”

Na ɗauki cokali mai yatsu. Ya ce in ajiye in sa hannu, yadda nake ci a gida. Gumi ya keto mini. Yadda nake ci a gida! Ashe har wannan an ba shi labari. Na wanke hannu a kwanon da ya tura mini, na gutsuri naman. Ya narke a yatsuna kamar kullum, don hannunsa bai manta wuta ba. Ƙamshin ma da sauransa. Har na fara sa rai ko matata ta cika tsoro ne kawai.

Na kai lomar baki.

Gishiri ne ya fara tarbata, irin wanda ke sa haƙora tsami. Bayansa tsamiya ta biyo, ta kama mini muƙamuƙi, sannan wani ɗaci na kanumfari da ya yi yawa ya zauna a maƙogwaro ya ƙi wucewa. Na sunkuyar da kai har gemuna na taɓa ƙirji, ina taunawa, ina jin ƙarar taunar a kunnena kamar duk garin ana ji.

“Ɗago kai, Malam.”

Ban ɗago ba.

“Don Allah ɗago.”

Na ɗago. Tun da nake ban taɓa kallon cikin idon mutumin nan ba sai ranar, kuma da abinci a bakina. Na haɗiye da ƙyar, na ja leɓuna na yi abin da nake fata murmushi ne, na ce, “Madalla, Baba. Allah ya ƙara albarka.” Ya ci gaba da kallona. Sai na ga ba ni da wata hujja sai ci, don haka na duƙufa. Loma bayan loma nake turawa, da sauri, kamar mai jin yunwar kwana biyu. Idona ya kawo ruwa, hancina ya fara zuba, harshena ya yi kauri. Jug ɗin ruwa yana gefen dama, ina ganinsa ta wutsiyar ido, na hana hannuna zuwa. Ina ci ina jin kunyar ci, ina jin kunyar ƙaryar da nake yi da bakina, ina kuma jin kunyar cewa dattijo yana zaune yana kallon duka biyun.

Shi ya miƙa hannu ya tsiyaya ruwan a kofi, ya turo mini. Sannan ya janye farantin daga gabana a hankali.

“Ya isa haka, ɗana. Kada ka cuci cikinka saboda ni.”

Bai taɓa ce mini ɗana ba. Na kama kofin da hannu biyu na shanye, ban ko juya baya ba.

Ya ce, “Gishiri ne?”

Na ajiye kofin.

“Da tsamiya?”

Na gyaɗa kai.

Ya daɗe yana murza hular da ke gwiwarsa. Can ya ce, “Tun yaushe kake jin haka a abincina?”

A nan ne na ga wata 'yar ƙofa da na zaci ta alheri ce, na yi wuf na shige. Na ce, “Wallahi Baba yau ne kawai. Wanda ake kawo mana gida duk Juma'a bai taɓa canzawa ba. Na makon jiya ma har ya fi na da daɗi.”

Ina rufe baki na ji abin da na faɗa. Shi ma ya ji. Ya dube ni, ya dubi tukunyar, ya dubi ƙofar kicin da 'yar tagarta.

Ya ce, “Yadda na yi na yau, haka na yi na makon jiya. Haka nake yi tun damina.” Ya ɗan tsaya. “To wa yake dafa wanda kuke ci?”

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige na ja ta na rufe. Na sauka daga kujerar na koma na tsugunna. Ya ɗaga murya kaɗan ya kira 'yarsa. Ashe ya san ba za ta iya zama a gida ba. Tana bayan ginin tun safe, wajen da ake wanke tukwane. Ta shigo ta durƙusa kusa da ƙofa, mayafinta a baki.

“Zo ki ɗanɗana.”

Ta matso ta lakaci romon da ɗan yatsa ta kai harshe. Hawaye suka zubo mata.

Ya ce, “Duk fuskokin nan da nake tsayawa ina kallo, naki suke ci?”

“Baba, ka yi haƙuri.”

“Tambayarki na yi.”

“Nawa ne, Baba.”

Na jira faɗa, don mutum ne mai zafi a kan aikinsa, an sha ba ni labarin yadda yake mayar da faranti saboda ɗigon mai a gefe. Bai yi faɗa ba. Ya ce, “To hannunki ya kai. Ban ga wanda ya yamutsa fuska ba ko sau ɗaya.” Ya miƙe, ya ɓalle maɓallan farar rigar, ya ninke ta yadda ake ninke kayan sallah, ya ɗora hular a kai, ya ajiye a kan teburin kusa da farantin da ban cinye ba. Ya rage daga shi sai 'yar shara, sai na ga ashe tsoho ne ƙarami, kafaɗunsa duk sun zube. Ya ce da ita ta zubar da tukunyar kada wani ya ci. Ni kuma ya ce, “Na gode, Malam. Ka yi mini abin da ba wanda ya yarda ya yi mini.” Ya fita ta ƙofar baya. Ni da matata muka zauna, ba wanda ya iya kallon wani.

Gidan abincin yana nan har yau, a hannunta. Ana kama wuri ta waya kamar da, motocin Kano suna cika bakin titi ranar Asabar, kuma har yanzu da sunansa ake kiran wurin da naman. Waɗanda ya koya wa aiki sun bazu, wasu a Dutse, wasu a Katsina, kowa yana tinƙaho da cewa a hannunsa ya koya. Ta sha roƙonsa ya zo ko zama ne ya riƙa yi, baƙi su gan shi. Ya ce wanda ba ya jin gishiri ba shi da abin yi a wurin. Bai ƙara taka ƙafarsa can ba.

Abin da matata ta ji tsoro bai faru a rana ɗaya ba. Yana tashi da safe, yana zuwa masallaci, yana zama a zaure da carbinsa. Sai dai ya rage magana, kuma abinci ko wane iri aka kai masa, loma kaɗan yake yi ya ture. Ya rayu shekara biyu da wani abu bayan wannan rana.

Ni kuwa na ci gaba da zuwa gaisuwa kamar yadda na saba, in tuɓe takalmi a waje, in tsugunna nesa. Amma wani abu ya juya tsakaninmu wanda na kasa gyarawa. Da, ni ne mai kallon ƙasa, shi yana dubana yana tambayar makaranta da mutanen Roni. Bayan ranar nan, da na yi sallama sai ya gyara zama, ya ja rigarsa ya rufe gwiwa, ya amsa a gajarce. Wata rana na shiga ba zato, na tarar an ajiye masa kunu ya kai ludayi baki. Yana ganina ya sauke shi da sauri, ya jawo faifai ya rufe kwanon, ya tura shi bayansa. Na tsugunna ina gaishe shi, dattijon da sarakuna da manyan mutane suka ci daga hannunsa, shi kuma ya sunkuyar da kai yana amsa mini, idonsa a kan tabarma. Haka muka ƙarasa gaisuwar, kowa yana kallon ƙasa, kuma har Allah ya karɓi ransa bai sake ɗago ido ya dube ni ba.